Abin Da Ke Sa Masu Ɗaukar Makami Da Sunan Jihadi Su Juya Baya

Ran 5 ga watan Yuli na shekarar 1997, ana cikin zaman shari'a a wata kotun soja ta ƙasar Masar, sai ɗaya daga cikin waɗanda ake tuhuma, mai suna Muhammad al-Amin Abdul Alim, ya miƙe tsaye ya karanta wata 'yar gajeriyar takarda. Takardar ta fito ne daga manyan shugabannin ƙungiyar nan ta Jama'atul Islamiyya, waɗanda a lokacin suka yi kusan shekara 16 a kurkuku. Abin da ke ciki kuwa shi ne kira ga dukan mabiyansu, na cikin Masar da na waje, su daina zub da jini, ba tare da sun gindaya wa gwamnati wani sharaɗi ba.

A ranar kusan ba wanda ya gaskata su. Hukuma ta ɗauka dabara ce ta neman sassauci, waɗansu 'yan'uwansu da ke gudun hijira a ƙasashen waje kuwa suka ce ai maganar wanda ke ɗaure ba abin kamawa ba ce. Amma ga shi an haura shekara 25 da wannan rana, ƙungiyar da ta taɓa zama mafi girman masu ɗauke da makami a Masar ba ta sake ɗaukarsa a ƙungiyance ba. An sha yin rubutu a kan yadda ake yaudarar samari su shiga irin waɗannan ƙungiyoyi. Yadda suke fita shi ne ba a cika tsayawa a duba ba, alhali kuwa ga ƙasar da ke fama da irin wannan fitina, sanin ƙofar fita ya fi amfani.

SU WANE NE

Jama'atul Islamiyya ta tsiro ne a jami'o'in Masar cikin shekarun 1970, ta kuma fi ƙarfi a kudancin ƙasar, musamman Asyut da Minya. Malaminsu shi ne Shaihu Umar Abdurrahman, makahon nan da daga baya ya ƙare rayuwarsa a kurkukun Amurka. Da hannunsu a kisan Shugaba Anwar Sadat ran 6 ga Oktoba 1981, bayan kwana biyu kuma suka auka wa 'yan sanda a garin Asyut, aka yi asarar rayuka masu yawa. A kan wannan ne aka ɗaure su Karam Zuhdi da Najih Ibrahim da Isam Darbala da sauran shugabanninsu, dukansu kuwa samari ne a lokacin.

Daga 1992 zuwa 1997 na waje suka buɗe yaƙi sosai da gwamnatin Husni Mubarak. Aka kashe marubuci Faraj Foda a 1992, aka soki tsoho Najib Mahfuz, mai lambar Nobel, da wuƙa a wuya a 1994, aka kuma yi wa Mubarak kansa kwanton ɓauna a Adis Ababa ta ƙasar Habasha a watan Yunin 1995, Allah bai ƙarar da kwanansa ba. Rayukan da suka salwanta a waɗannan shekaru sun haura dubu, na 'yan sanda da Kiristoci Kibɗawa da baƙi da su 'yan ƙungiyar. Gwamnati ita ma ba ta yi da sauƙi ba, ta cika kurkuku da dubban mutane, ta gana musu azabar da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam suka daɗe suna kuka a kanta.

To, me ya juya tunanin shugabannin da ke ɗaure? Abu na farko lissafi ne, irin wanda ko ɗan kasuwa kan yi in shekara ta kewayo. Sun ce sun ɗauki makami don a saki 'yan'uwansu, sai ga kurkuku ya ƙara cika. Sun ce don a bar su su yi wa'azi, sai ga masallatansu an ƙwace, wanda ya tsayar da gemu ma ya zama abin tuhuma. Sun ce don su ceci talaka, sai ga talakan yana tsine musu. A watan Nuwamban 1993 wata ƙungiya 'yar'uwarsu, watau Jihad ta su Ayman al-Zawahiri, ta dasa bom don ta hallaka Firayim Minista Atif Sidƙi a Alkahira. Shi ya tsira, wata yarinya 'yar makaranta ce ta mutu, jana'izarta kuwa ta zama taron la'antar masu tayar da bom baki ɗaya, ba tare da an tsaya bambanta wace ƙungiya ce ba.

Abu na biyu shi ne zaman kurkukun kansa. Mutumin da ya ba da fatawar kisa yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bayan ya karanta 'yan ƙananan littattafai, ya sami shekaru masu yawa ba shi da aiki sai bin manyan littattafan fiƙihu daga bango zuwa bango. A nan ya ga sharuɗɗa da togaciya da saɓanin malamai waɗanda 'yan littattafan ƙuruciyarsa suka tsallake. Ya kuma yi zaman ɗaki ɗaya da fursunonin siyasa masu ra'ayi dabam da nasa, ya ci abinci da su, ya yi musu da su.

LUKSOR

Wata huɗu da 'yan kwanaki bayan sanarwar kotu, ran 17 ga Nuwamba 1997, waɗansu mutum shida na ɓangaren da bai yarda da ajiye makami ba suka shiga haikalin Hatshafsut a Luksor, suka kashe mutum 62, daga ciki 58 baƙi ne masu yawon buɗe ido. Niyyarsu su rushe maganar sulhu, amma abin da ya faru kishiyar haka ne. Mutanen Luksor, waɗanda abincinsu ke zuwa daga baƙin nan, suka fito da fushi. Mubarak ya sauke ministan harkokin cikin gida, Hasan al-Alfi. A cikin ƙungiyar kuwa masu son ci gaba da yaƙi, irin su Rifa'i Ɗaha, suka rasa bakin magana, har a watan Maris 1999 shugabannin waje su ma suka amince da tsagaita wuta.

A nan ne mai karatu ya kamata ya lura da wani abu. An ajiye bindiga a 1999, amma aƙidar da ta halatta ɗaukarta tana nan daram cikin zukatan dubban mabiya. Wani masanin halayyar ɗan'adam, John Horgan, wanda ya tattauna da tsofaffin 'yan ta'adda na ƙungiyoyi iri iri ya fitar da littafi a kai a 2009, ya nuna cewa barin ƙungiya abu ne dabam, barin aƙida kuma dabam, sau da yawa ma mutum kan bar ta farko ya riƙe ta biyu har tsufansa. Shugabannin Jama'atul Islamiyya sun fahimci haka, shi ya sa ba su tsaya a takardar kotu ba.

A farkon 2002 suka fitar da littattafai huɗu da suka kira jerin gyaran fahimta. A ciki suka kafa hujja da Alƙur'ani da Hadisi da maganganun magabata cewa jihadi hanya ce ta cim ma manufa, ba shi ne manufar ba, in kuwa ɓarnarsa ta rinjayi amfaninsa to ya haramta. Suka yi bayanin haramcin wuce iyaka a addini da kafirta Musulmi. Suka ce baƙon da ya shigo ƙasa da izni yana cikin amana, jininsa da dukiyarsa ba su halatta ba. Suka kuma taka wa masu umurni da kyakkyawa da hani da mummuna birki, cewa ba kowane saurayi ne zai ɗauki sanda ya fasa shagon mutum ko ya watsa biki da sunan hisba ba. Babu sabon abu a cikin waɗannan maganganu, malaman Azhar sun shekara da shekaru suna faɗarsu ba wanda ya saurara, domin a idon 'yan ƙungiyar su malaman gwamnati ne. Bambancin kawai shi ne bakin da maganar ta fito.

Gwamnati ta yi wata dabara da ba a saba gani daga gare ta ba. Ta bar shugabannin suka riƙa zagaya gidajen kurkuku, wata da watanni, suna zama da mabiyansu ido da ido. Zaman bai yi daɗi ba, gama wanda ya rasa ɗan'uwa, ya sha azaba, ƙuruciyarsa ta ƙare a ɗaure, yau ga wanda ya tura shi yana ce masa an yi kuskure. Amma wanda ya ɗaura aure shi ya san inda igiyar take. A daidai lokacin kuma aka sassauta azaba, aka gyara abinci, aka buɗe ƙofar ziyarar iyali. A 2003 Karam Zuhdi ya faɗa wa jaridar Asharq al-Awsat cewa yana ɗaukar Sadat a matsayin shahidi, a shekarar kuma aka sake shi, daga baya dubbai suka biyo shi gida. Wani masani ɗan Masar, Omar Ashour, da ya yi nazarin al'amarin ya ce abu huɗu ne suka haɗu: matsin hukuma, da tukuicin da ta bayar, da cuɗanya da waɗanda ba 'yan ƙungiya ba, da shugabanni masu kwarjini a idon mabiya. Matsi shi kaɗai, in ba sauran, ƙara wa wuta fetur yake yi.

TUBAN ƊAURARRE

Tambayar da ba ta kaucuwa ita ce ko tuban wanda ke cikin sarƙa tuba ne. An yi wannan gardama a fili a kan Sayyid Imam al-Sharif, wanda aka fi sani da Dakta Fadl. Likitan fiɗa ne, tsohon shugaban ƙungiyar Jihad, kuma littafin da ya rubuta a Feshawar a 1988 shi ne aka riƙa karantar da mayaƙa a sansanonin Afganistan. An kama shi a Yaman a 2001, aka miƙa shi ga Masar a 2004. A watan Nuwamban 2007, daga kurkukun Ɗura, ya fitar da wata doguwar takarda da jaridu suka buga kashi kashi, inda ya haramta yawancin ayyukan da Alƙa'ida ke yi, tun daga kashe farar hula har zuwa fashi da sunan tara kuɗin jihadi.

Zawahiri, tsohon abokinsa, ya yi masa ba'a, yana tambaya ko yanzu an sa wa fursunonin Masar na'urar faks a ɗakunansu, ko kuma layinta ɗaya ne da wayar lantarkin da ake azabtar da su. Ba'ar tana da cizo, domin kowa ya san kurkukun Masar. Sai dai wanda ya raina magana ba ya zama ya rubuta mata raddi mai shafi wajen 200, Zawahiri kuwa haka ya yi a 2008. Ya san saurayin da ya haddace littafin Dakta Fadl ba zai iya toshe kunne ga Dakta Fadl ba.

Gwajin gaskiya ya zo bayan juyin 2011, sa'ad da Mubarak ya faɗi, sarƙa ta kwance. Jama'atul Islamiyya ba ta koma daji ba, jam'iyyar siyasa ta kafa ta shiga zaɓe, ta sami kujeru 13 a majalisa. Da soja suka hamɓarar da Shugaba Mursi a 2013, waɗansu manyanta sun yi kalamai masu zafi, waɗansu suka gudu waje, Isam Darbala ya rasu a kurkuku a 2015, kotu ta rushe jam'iyyar a 2020, duk da haka ƙungiyar ba ta yi shelar komawa yaƙi ba. Ra'ayinsu game da yadda ya kamata a mulki ƙasa bai zama irin na kowa ba, abin da ya mutu shi ne yarda da cewa bindiga ce hanya.

DALA 500

Kada a ɗauka kowane mai fita ta ƙofar littafi yake fita. Galibi dalilin ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi kusa da ciki da zuciya. Jamal al-Fadl, ɗan Sudan, yana cikin mutanen farko da suka yi wa Usama bin Ladan mubaya'a. Ya shaida wa wata kotu a Amurka a 2001 cewa albashinsa dala 500 ne a wata alhali waɗansu Misirawa na karɓar 1,200. Haushi ya sa ya ci kuɗin ƙungiya wajen dala 110,000, da asiri ya tonu ya gudu, a 1996 ya kai kansa ofishin jakadancin Amurka. A shari'ar nan dai wani ɗan Maroko, Lahusain Kharshtu, ya ce zuciyarsa ta fita daga Alƙa'ida ne tun ranar da ya nemi dala 500 don a yi wa matarsa mai ciki tiyata aka hana shi. An yi musu alkawarin 'yan'uwantaka inda ba Balarabe ba Ba'ajame, suka tarar da 'yan mowa da 'yan bora.

Haka kuma a 2015 wata cibiyar bincike ta King's College a Landan, ƙarƙashin Farfesa Peter Neumann, ta tattara bayanan mutum 58 da suka gudo daga ƙungiyar Da'ish. Kukansu kusan iri ɗaya ne. Sun tafi Siriya don su yaƙi Bashar al-Asad, sai aka sa su yaƙar waɗansu ƙungiyoyin Musulmi 'yan Sunna. Sun ga ana yanka mutanen ƙauye ba gaira ba dalili, sun ga kwamandoji na fifita kansu da nasu, rayuwar daular da aka kwaɗaita musu a intanet kuwa ba su gan ta ba. Kaɗan ne daga cikinsu suka ce aƙidar ce ɓatacciya tun daga tushe, yawanci cewa suka yi ƙungiyar ce ta ci amanar aƙidar.

Wani lokaci kuma abin da kan karya mutum shi ne kyakkyawar mu'amala daga inda bai zata ba. Nasir Abas, ɗan Maleshiya, kwamanda ne a ƙungiyar Jama'a Islamiyya ta kudu maso gabashin Asiya (suna ya zo kusan ɗaya, amma ƙungiya ce dabam da ta Masar), ya yi horo a Afganistan, ya kuma horar da waɗansu daga cikin waɗanda suka tayar da bom a tsibirin Bali na Indunusiya a watan Oktoban 2002, inda mutum 202 suka mutu. Kisan farar hula ya riga ya dame shi. Da aka kama shi a 2003 ya shirya wa duka da azaba, sai ya tarar 'yan sandan na girmama shi. Daga nan ya juya, ya ba da shaida a kan tsofaffin abokansa, ya shiga bin kurkuku yana jan hankalin na ciki. Ran 30 ga Yuni 2024 manyan ƙungiyar suka fito suka yi shelar rushe ta da kansu.

A GIDA

Wanda ya bi tarihin Boko Haram zai ga kusan duk ɓarakar da ta samu ta faro ne daga jinin Musulmi. Bayan harin Kano na 20 ga Janairu 2012, ƙungiyar Ansaru ta ɓalle tana zargin Abubakar Shekau da kashe waɗanda ya ce yana karewa. A watan Agustan 2016 su Mamman Nur da Abu Mus'ab al-Barnawi, ɗan Muhammad Yusuf, suka raba gari da shi, suna cewa yana kashe mabiyansa bisa zato, yana kuma kafirta duk Musulmin da ke zaune ƙarƙashin gwamnati. Amma waɗannan ba tuba suka yi ba, sabuwar tuta kawai suka kafa, ta'addancinsu kuma ya ci gaba. Malaman da suka tunkari aƙidar da hujja tun da wuri sun biya da tsada. An harbe Shaihu Ja'afar Mahmud Adam a masallaci a Kano a watan Afrilun 2007, bayan ya daɗe yana gargaɗi a kan tafarkin Muhammad Yusuf, ko da yake ba a taɓa tabbatar da makasansa a kotu ba. An kashe Shaihu Albani Zariya a watan Fabrairun 2014, Shekau ya fito ya ce su ne.

Babbar fitowa ta zo ne bayan Shekau ya hallaka kansa a dajin Sambisa a watan Mayun 2021, sa'ad da mayaƙan ɗaya ɓangaren suka rutsa da shi. Cikin 'yan watanni dubun dubatar mutane suka fito suka miƙa wuya ga soja a Jihar Borno. Mafi yawansu mata ne da yara da manoman da aka tsare a daji, mayaƙan da ke ciki kuwa yunwa ce ta koro su, da mutuwar shugaba, da tsoron sababbin iyayengiji. Abin da ya sa suka nufo soja maimakon su ƙara nutsawa daji shi ne labarin da ya riga ya kai gare su cewa wanda ya fito ba a kashe shi. Tun 2016 Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin Operation Safe Corridor, mai sansani a Malam Sidi ta Jihar Gombe, inda ake yi musu wa'azi, a koya musu sana'a, su yi rantsuwar barin ƙungiya. Jamhuriyar Nijar ma ta yi tayin afuwa a Jihar Diffa a ƙarshen shekarar, ta buɗe cibiya a Gudumariya.

Shirin bai rasa aibi ba. Ƙungiyar International Crisis Group ta ba da rahoto a 2021 cewa da yawa daga waɗanda aka kai Malam Sidi ba mayaƙa ba ne, farar hula ne da suka gudo, kuma kafin su isa can sukan daɗe a tsare cikin mummunan hali, abin da in labarinsa ya koma daji zai hana na baya fitowa. Akwai kuma gibin da ya fi wannan girma. Boko Haram ba ta da irin su Karam Zuhdi, watau waɗanda suka kafa aƙidar da bakinsu sa'an nan suka rayu har suka warware ta da bakinsu. Muhammad Yusuf an kashe shi a hannun 'yan sanda a watan Yulin 2009, kwana kaɗan da fara rikicin, ba a kai shi gaban alƙali ba, balle ya sami shekarun da zai sake karanta littattafansa.

Sai kuma maganar waɗanda aka zalunta. Sanata Ali Ndume na Kudancin Borno ya sha fitowa yana sukar yadda ake sallamar tubabbu, muryarsa kuwa ta mutane da yawa ce. Matar da aka yanka mijinta a gabanta, ta shekara goma a sansanin 'yan gudun hijira tana layin abinci, ita ce ake ce wa ta karɓi maƙwabcin da ya dawo da takardar shaidar sana'a da keken ɗinki da 'yan kuɗin jari. In unguwa ta ƙi shi, ba mai saye a hannunsa, ba mai ba shi aure, ba mai tsayawa kusa da shi a sahu, waɗanda ya baro a daji sun san lambar wayarsa.